Shin Pareto ya ce talaka ba zai taɓa kamo mai kuɗi ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu a sashen nazarin tattalin arziki, idan an yi hutu kuma ina zama a shagon mahaifina na kayan masarufi. Na ci karo da sunan Pareto a wurare uku. A wani taron koyar da kasuwanci an ce mana kashi 20 cikin 100 na mutane su ke riƙe da kashi 80 na dukiya a ko'ina, wai doka ce da ba ta canzawa. A aji an koya mana wani matsayi mai sunansa, aka ce shi ne ƙololuwar ingancin tattalin arziki. Sai kuma wani abokina ɗan sashen kimiyyar siyasa ya ce shi ne uban aƙidar Musolini, wanda ya yi mulkin kama-karya a Italiya. Shin mutum ɗaya ne? In kuwa shi ne, maganarsa tana nufin duk ƙoƙarin rage tazara tsakanin mai kuɗi da talaka aikin banza ne ke nan?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Mutum ɗaya ne, sunansa Vilfredo Pareto. 'Yan kasuwa sun ɗauki ɓangare guda na aikinsa, mu malaman tattalin arziki muka ɗauki wani, 'yan kimiyyar siyasa suka ɗauki na uku, shi ya sa kake jin kamar mutum uku ne. Tambayarka kuwa biyu ce a haɗe: me mutumin ya faɗa da bakinsa, sannan abin da ya faɗa ɗin ya isa hujjar a ce talaka ya haƙura da inda ya tsinci kansa? Ga ta biyun, amsata ita ce bai isa ba. Pareto gwani ne wajen auna abin da ke ƙasa, kuma har yau da ma'aunansa muke aiki. Inda ya tsallaka daga "haka na gani" zuwa "haka zai dawwama", nan ne hujjarsa ta yi rauni.

Injiniyan da siyasar ƙasarsa ta ƙona wa rai

An haife shi a Faris a 1848. Mahaifinsa ɗan babban gida ne daga Jenowa, ya yi gudun hijira zuwa Faransa saboda goyon bayan Mazzini da masu fafutukar haɗa kan Italiya, mahaifiyarsa kuma Bafaranshiya ce. Suka koma Italiya yana yaro, ya yi karatun injiniya a Turin, ya rubuta kundinsa a kan yadda daskararrun abubuwa ke tsayawa daidai idan ƙarfi ya danne su ta ɓangarori daban-daban. Ka riƙe wannan, domin har ya mutu da idon injiniya yake kallon kasuwa da al'umma: wane ƙarfi ke turawa, wane ke tarewa, a ina abin zai tsaya. Ya yi kusan shekara ashirin yana aikin injiniya, da farko a kamfanin jirgin ƙasa, daga baya ya shugabanci masana'antar ƙarfe a yankin Toskana.

A waɗannan shekarun mutum ne mai zafin kishin 'yancin kasuwa da mulkin jama'a. A 1887 gwamnatin Italiya ta ƙaƙaba haraji mai nauyi a kan kayan waje don kare masu masana'antar ƙarfe da masaƙu da manyan manoman alkama. Burodi ya yi wa talaka tsada, aka shiga yaƙin ciniki da Faransa, manoman inabi na kudu suka rasa kasuwarsu. Pareto ya yi ta rubutu yana suka, alhali shi kansa a harkar ƙarfe yake. Ya tsaya takarar majalisa ya faɗi. A 1893 asirin wani babban banki a Roma ya tonu, an gano yana buga takardun kuɗi fiye da ƙa'ida yana bai wa 'yan siyasa bashi, har gwamnatin firaminista Giolitti ta faɗi a kan maganar. A shekarar ce ya bar ƙasar ya gaji kujerar masanin tattalin arziki Léon Walras a jami'ar Lozan da ke Siwizalan. A can ya fitar da laccocinsa na tattalin arziki a 1896 da 1897, da littafinsa na jagora a 1906, da ƙaton littafinsa na nazarin zamantakewa a 1916. Ya mutu a 1923. Duk wanda ya karanta shi a jere zai ga mutum mai fata yana komawa mai yanke ƙauna, kuma wannan ya shiga cikin ilimin nasa.

Abin da ya gani a takardun haraji

Labarin da ake bayarwa a tarukan kasuwanci, wai ya lura kashi 20 na kwanson wake a lambunsa ne ke ba da kashi 80 na waken, ka ajiye shi gefe. Aikin da ya yi na gaske ya fi wannan nauyi. Ya tattara takardun harajin kuɗin shiga daga Ingila da Furushiya da Saksoni da birnin Basel da wasu biranen Italiya, ya riƙa yi wa kowace tambaya ɗaya: mutum nawa ne ke samun fiye da kuɗi kaza? Sai ya ga duk lokacin da ya ninka adadin kuɗin, yawan mutanen da suka haura shi yana raguwa da kaso iri ɗaya, tun daga ƙasan jerin har samansa. Ya auna saurin raguwar da lamba ɗaya da muke kira alfa, kuma a yawancin ƙasashen ya same ta a kusa da 1.5.

Ga ma'anar 1.5 a aikace, da lambobin da na ƙirƙira don misali. A ce mutum 100,000 ne ke samun fiye da lira 1,000 (kuɗin Italiya na lokacin) a shekara. Masu samun fiye da 2,000 za su zama kimanin 35,000. Masu fiye da 4,000 za su zama 12,500. Masu fiye da 16,000 ba za su kai 1,600 ba. Jerin yana ta sirancewa amma ba ya yankewa da wuri, kullum akwai wasu 'yan ƙalilan can nesa da suka ninka na tsakiya sau ɗari ko sau dubu. Tsawon jikin mutane ba haka yake ba, ba za ka samu wanda ya ninka ɗan'uwansa sau goma ba. Dukiya kuwa haka take, kuma Pareto ne ya fara nuna hakan da alƙaluma. Wannan ganowa ce ta gaske. Daga baya an ga siffa iri ɗaya a girman birane da girman kamfanoni, aka kuma fahimci dalili: duk abin da ke ƙaruwa gwargwadon girmansa, haka zai ƙare. Da kuɗi ake neman kuɗi. Ribar kashi 10 a kan miliyan ɗari da ribar kashi 10 a kan dubu ɗari sunansu ɗaya, amma bayan shekaru tazarar ta zama rami.

To ina 80 da 20 suka fito? Idan ka yi lissafi da alfa 1.5 ta Pareto kansa, kashi 20 na sama za su riƙe kimanin kashi 58 ne na kuɗin shiga. Kafin ka samu 80 sai alfa ta sauka zuwa kusan 1.16. Wanda ya yaɗa maganar da sunan Pareto wani injiniya ne a Amurka, Joseph Juran, mai harkar tabbatar da ingancin kaya a masana'antu. Ya lura cewa 'yan matsaloli kaɗan ne ke jawo mafi yawan asara, ya laƙaba wa abin sunan Pareto a wajajen 1950, kuma a tsakiyar shekarun 1970 ya rubuta da hannunsa cewa ya jingina wa Pareto abin da ya fi faɗin abin da mutumin ya faɗa.

Wannan ba ya nufin maganar ba ta da amfani a shago. Ina sa ɗalibaina da iyayensu ke kasuwanci su kwafo littafin bashi ba tare da sunaye ba, su jera masu bashin daga babba zuwa ƙarami, su riƙa tarawa layi bayan layi. Kusan kullum kafin su gama shafin farko sun wuce rabin kuɗin da ke waje. Wani littafin yakan ba da 70 da 30, wani 90 da 10, kuma babu dole lambobin biyu su haɗu su ba da 100. Ka gwada da na mahaifinka idan ya yarda. Sai dai ka yi hattara da darasin da ake cirowa, wai ka kula da manyan kwastomomi ka watsar da sauran. A littattafan da na duba, manyan su ne masu ɗaukar kaya buhu-buhu a rubuta, yaran da ake aikowa sayen sukari da Maggi kuwa su ke kawo tsabar da ake komawa kasuwa da ita gobe. Juran ma da farko ya kira masu yawan marasa muhimmanci, daga baya ya gyara ya ce masu amfani ne.

Yanzu ga zuciyar tambayarka. Da Pareto ya ga alfa tana kusa da juna a ƙasashe daban-daban, sai ya karkata ga cewa abin daga ɗabi'ar ɗan Adam yake, kuma hanyar ɗaga na ƙasa ita ce dukiyar ƙasa ta riƙa ƙaruwa fiye da yawan jama'a, sake rabo ba zai yi tasiri mai ɗorewa ba. Rabin farko na maganar akwai gaskiya a ciki, ƙasar da ba ta samar da komai ba ta da abin rabawa. Rabi na biyu yana da matsala uku. Takardun haraji na wancan zamani masu hali kaɗai suka ƙunsa, domin wanda bai kai wani adadi ba ba ya biya, saboda haka lissafin nasa saman al'umma yake bayyanawa, kuma an tabbatar daga baya cewa tsakiya da ƙasa ba sa bin sa. Na biyu, ɗan bambanci a alfa babban bambanci ne a rayuwa: a 1.5 na sama suna da kashi 58, a 2 kuwa kimanin kashi 45. Na uku shi ne wanda masanin Kambirij Arthur Pigou ya taso da shi: ƙasashen da aka auna duk suna kama da juna a dokokin mallaka da gado, to ta yaya za ka san abin da zai faru idan dokokin suka canza? Ka duba gado kaɗai. Inda babban ɗa ke gaje ƙasa duka, kamar yadda manyan gidajen Ingila suka daɗe suna yi, da inda ake raba wa 'ya'ya da mata da iyaye kamar yadda Musulunci ya tsara, bayan jikoki da tattaɓa-kunne ba za ka tarar da dukiya a dunƙule iri ɗaya ba.

Tarihi kuma ya yi gwajin da Pareto bai rayu ya gani ba. Binciken Thomas Piketty da Emmanuel Saez a kan takardun harajin Amurka ya nuna kashi 1 cikin 100 na sama suna ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shiga a ƙarshen shekarun 1920, suka sauko zuwa kimanin ɗaya cikin goma a shekarun 1970, sannan suka sake hawa bayan 1980. Ɗabi'ar Amurkawa ba ta canza sau biyu a cikin shekara sittin ba. Abin da ya canza yaƙi ne, da haraji, da ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago, da yaɗuwar ilimi. Siffar jerin tana nan yadda Pareto ya zana, saurin raguwarsa, wato alfa, shi ne ke hannun mutane.

Matsayin da aka koya muku a aji

Masana kafin Pareto suna magana kamar ana iya auna jin daɗi a tara na kowa wuri guda. Shi ya ce ba mu da wannan ma'aunin. Abin da muke iya gani shi ne zaɓi: mutum ya fifita wannan a kan wancan. Ba mu da hanyar cewa daɗin wane ya ninka na wane. To idan haka ne, yaushe za mu iya cewa al'umma ta ci gaba ba tare da gardama ba? Sai idan wani ya ƙaru kuma babu wanda ya ragu. Manomi yana da gero ya yi masa yawa, Bafulatana tana da nono fiye da buƙatarta, suka yi musaya, kowa ya koma gida ya fi yadda ya fito. Za su ci gaba da musayar har su kai inda ƙarin mudu ɗaya zai ƙwari ɗayansu. Wurin da suka tsaya ɗin, inda ba a iya ƙara wa wani sai an rage wa wani, shi ne matsayin Pareto.

Amfaninsa a bayyane yake: idan ba a kai nan ba, akwai alherin da ake bari yana zubewa a banza. Kaya suna ruɓewa a gona alhali ana nemansu a birni, mai sana'a ba jari alhali kuɗi na kwance. Amma ka lura da abin da ma'aunin ya yi shiru a kansa. Irin wannan matsayi ba ɗaya ba ne, suna da yawa ba iyaka, kuma wanda za a isa ya dogara da abin da kowa ya shigo kasuwa da shi. Idan mutum ɗaya ya mallaki abincin gari duka sauran suna kwana da yunwa, kuma ba ya son rabuwa da ko ƙwaya, wannan ma matsayin Pareto ne, tunda ba za ka ciyar da su ba sai ka rage masa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya faɗa tun 1970 cewa al'umma tana iya cika wannan sharaɗin kuma ta kasance abin ƙyama. Don haka kalmar ƙololuwa da aka faɗa muku ta yi girma. Sharaɗi ne na rashin ɓarna, bai ce komai a kan adalci ba. Pareto kansa ya yarda cewa idan an kai nan, zaɓi tsakanin wannan matsayi da wancan ya fita daga hannun lissafi ya koma na ɗa'a da siyasa.

Za a koya muku nan gaba cewa Kenneth Arrow da Gérard Debreu sun tabbatar a farkon shekarun 1950 cewa kasuwa mai cikakkiyar gasa tana kaiwa ga wannan matsayi. Idan an zo wurin, ka karanta sharuɗɗan da kyau: babu mai babakere, babu wanda ke zuba wa maƙwabci dattinsa kyauta, kowa ya san abin da yake saye. Ka kuma nemi sakamako na biyu da ake yawan tsallakewa, wanda ya ce duk matsayin da al'umma ta ga ya fi mata adalci ana iya kaiwa gare shi ta kasuwa, muddin an gyara abin da kowa ya fara da shi.

A aikin gwamnati kusan babu shirin da ba ya taɓa wani. Shi ya sa a 1939 Nicholas Kaldor da John Hicks suka sassauta ma'aunin: shiri yana da kyau idan ribar waɗanda suka ƙaru ta isa a biya waɗanda suka ragu diyya har a samu saura, ko da ba a biya ba. A kan wannan aka gina lissafin riba da asara da ake yi wa manyan ayyuka, kuma a cikin "ko da ba a biya ba" ɗin nan ne ake zaluntar mutane. Dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara ya isa misali. A takarda noman rani zai amfani ƙasa. A ƙasa kuwa ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, manoman fadama na gangare suka rasa ambaliyar da suke noma da ita, rikicin diyya ya yi tsanani har a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka murƙushe manoman da suka tare hanyoyi, aka rasa rayuka. Duk lokacin da na zauna duba lissafin wani aiki, tambayar da nake fara yi ita ce: su wane ne za su yi asara, an rubuta su, kuma kuɗin diyyarsu yana cikin kasafin ko a baki kawai yake? Ma'aunin Pareto na asali, wanda ake zargi da kare masu kuɗi, a nan yana tare da manomin da za a tasa.

Zakuna da diloli

Abin da ya kai shi nazarin zamantakewa tambaya ce da harajin 1887 ya bar masa. Idan masana sun nuna shirin yana cutar da mafi yawan jama'a, me ya sa ake yin sa? Ya ba da amsa da misalin da ban taɓa mantawa ba. A ce wata doka za ta rage wa mutum dubu faran (kuɗin Faransa da Siwizalan na lokacin) ɗai-ɗai, ta bai wa mutum guda faran dubu. Shi gudan zai yi ta kai-komo dare da rana har dokar ta wuce, su dubun kuwa babu wanda zai bar aikinsa saboda faran ɗaya. A ganina wannan ya fi 80 da 20 daraja nesa ba kusa ba, domin yana bayyana yadda tsiraru ke cin galabar masu yawa ba tare da sun ɗaga sanda ba.

Daga nan ya ce mafi yawan ayyukan mutane ba daga hankali suke tasowa ba. Akwai ɗabi'u masu zurfi a zuci waɗanda ba sa canzawa da sauri, akwai kuma hujjojin da baki ke ƙerawa daga baya don a yi wa aikin ado, su kuwa suna sauyawa da zamani. Ɗabi'u biyu ya fi ba wa muhimmanci. Ɗaya ita ce son ƙulla sabbin abubuwa, dabara, ciniki, sasantawa. Ɗayar ita ce riƙe abin da aka gada, iyali, ƙasa, aƙida, da shirin kare su da ƙarfi. Ya ari hoton Makiyabeli, tsohon marubucin siyasa na Italiya, ya kira masu ta farko diloli, masu ta biyu zakuna.

A kowace sana'a, in ji shi, za ka iya ba mutane maki daga sifili zuwa goma gwargwadon nasararsu, ba tare da duba halinsu ba. Masu maki mafi yawa su ne manya, kuma daga cikinsu akwai masu riƙe da mulki da waɗanda ba sa riƙe da shi. Tsiraru ne ke mulki a kowane tsari, ko me aka kira shi. Sai dai ba sa dawwama, shi ya sa ya ce tarihi maƙabartar manyan gidaje ne. Diloli suna mulki da wayo da rabon kwangila da cin bashi har baitulmali ya rame, jama'a su daina yarda da su, sai zakuna su ture su. Zakuna su yi mulki da ƙarfi har su sandare, su buƙaci masu dabara, diloli su sake shigowa ta taga. Da wannan ya amsa wa mabiya Markis, jagoran aƙidar gurguzu: juyin juya hali ba ya kawo mulkin talaka, sabbin manya ne ke hawa da kafaɗar talaka. Idan ka taɓa jin bayanin Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, na yadda masu ƙarfin zumunci ke ƙwace daula sannan jin daɗi ya narkar da jikokinsu, za ka ga kamar, duk da cewa hanyoyinsu daban ne.

Abin da na fi ɗauka a nan shi ne maganarsa a kan ƙofa. Manyan da ke barin hazikan 'ya'yan talakawa su hau sukan daɗe. Waɗanda suka toshe hanya suna tara rubabbu a sama da fusatattun gwanaye a ƙasa, har abin ya fashe. Wannan kaɗai ya rushe fassarar da aka ba ka a taron nan, domin a wurin Pareto kujerun sama ne ke dawwama, mazauna kansu canzawa suke yi. Inda na rabu da shi kuwa shi ne yadda ya mai da duk canji iri ɗaya. Cewa tsiraru ke mulki ko'ina gaskiya ce, amma gaskiya ce da ba ta rarrabe ƙasar da ake sauke shugaba da ƙuri'a da wadda sai an zubar da jini, ko ƙasar da ɗan jarida zai tona asirin banki ya kwana a gidansa da wadda zai kwana a kurkuku. Ga talaka wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Sannan rabon mutane zuwa zaki da dila yana da sauƙin yi bayan abu ya faru, yana da wuyar amfani wajen hango abin da zai faru. Ni fagena tattalin arziki ne, don haka a wannan ɓangaren ka haɗa maganata da ta malaman abokinka.

Maganar Musolini

Abokinka yana da abin kamawa, amma ya zarce. Pareto ya raina gwamnatocin majalisa na Italiya, yana ganinsu haɗin bakin masu kuɗi da 'yan siyasa masu daɗin baki, kuma Giolitti ne babban dila a idonsa. Bayan yajin aiki da mamaye masana'antu na 1919 da 1920 ya yi hasashen masu ƙarfi za su karɓe mulki. Da Musolini ya hau a Oktoban 1922 Pareto ya yi maraba, sabuwar gwamnatin ta naɗa shi sanata, 'yan fasist, wato mabiya Musolini, kuma suka riƙa kiransa malaminsu. Wannan tabo ne a tarihinsa, kuma rubutunsa na yabon amfani da ƙarfi ya ba su abin dogaro. A ɗaya gefen, shi ne mutumin da ya ba 'yan gurguzun Italiya mafaka a gidansa bayan sojoji sun buɗe wa masu zanga-zangar tsadar burodi wuta a Milan a 1898, kuma a rubutunsa na ƙarshe ya gargaɗi gwamnatin da ta bar 'yancin jarida da na koyarwa a jami'a. Ya mutu a Agustan 1923, wata goma bayan hawan Musolini, kafin kisan ɗan majalisa Matteotti a 1924 da kafa cikakken kama-karya a 1925.

Ka kuma gaya wa abokin naka cewa su uku ne ake haɗawa a wannan makaranta ta nazarin manya, kuma sauran biyun sun rayu sun ga abin da Pareto bai gani ba. Robert Michels, wanda ya nuna a 1911 cewa ko jam'iyyar ma'aikata tsiraru ke juya ta, ya shiga jam'iyyar fasist ya karɓi kujerar farfesa a Perugia. Gaetano Mosca, wanda ya riga Pareto rubutu a kan ajin masu mulki har suka yi ta jayayya a kan wa ya fara, ya sa hannu a takardar masana masu adawa da fasist a 1925, kuma a ƙarshen shekarar ya miƙe a majalisar dattawa ya soki dokar da ta tattara iko a hannun Musolini.